Tsarin "babu saba": araha ga ƙananan shafuka, linzami a hannun manyan kamfanoni

Tun shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na 2019, lokacin da aka yi ta taƙaddama kan ko INEC na da sabar da aka tura mata sakamako, kalmar "saba" ta shiga bakin matasan Najeriya. Saba kwamfuta ce da ke kunne dare da rana tana amsa duk wanda ya buɗe shafin intanet. Yanzu akwai tsarin da injiniyoyi ke kira "babu saba", kuma sunan na iya ruɗar mutum. Sabobin na nan daram a rumbunan Amazon, Google, Microsoft ko Cloudflare. Mai shafin ne kawai ya daina hayarsu da kula da su.

Abin ya yi kama da kai niƙa wurin mai inji maimakon sayen injin. Mai shafi yana rubuta ƙananan umarnai, kowanne da aikinsa guda: wannan ya karɓi fom, wancan ya fito da sakamako. Umarnin na kwance har sai wani ya danna, sai ya tashi ya yi aikin ya koma. Abin da aka niƙa shi ake biya. Amazon ce ta yayata tsarin da AWS Lambda a 2014, kuma a can buƙata miliyan ɗaya ta farko kyauta ce kowane wata, daga nan santi 20 na dala kan kowace miliyan, ban da kuɗin lokacin da umarnin ya ɗauka yana aiki.

Ga ƙungiyar sa ido kan zaɓe ko ƙaramar jarida, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Shafinsu na iya yin watanni babu kowa, sannan daren bayyana sakamako dubban mutane su afka masa lokaci guda. Saba guda za ta durƙushe, hayar guda goma kuwa asara ce sauran kwanakin shekara. A sabon tsarin kamfanin ne ke ninka umarnin daidai yawan jama'a, ba tare da an tashi wani injiniya tsakar dare ba.

Akwai ƙananan matsaloli: umarnin da ya daɗe kwance yakan yi ɗan jinkiri kafin ya amsa, kuma Lambda ba ta barin aiki ya wuce minti 15. Babbar matsalar ita ce kuɗin na ninkuwa tare da jama'a. A watan Yunin 2024 manhajar Cara ta masu zane ta tashi daga masu amfani kusan 40,000 zuwa 650,000 cikin mako guda, sai kamfanin Vercel ya lissafa mata kusan dala 96,000. Maharan da suka yi wa shafi ruwan buƙatun bogi ba lallai su rufe shi ba, suna iya barinsa a buɗe su talauta mai shi. Ga wanda kuɗin shigarsa naira ne, farashi kuma da dala ake yanka shi, wannan ba abin wasa ba ne.

Sai batun iko. A Disamban 2010 Amazon ta kori WikiLeaks daga rumbunanta bayan ofishin Sanata Joe Lieberman ya tuntuɓe ta, ko da yake ta ce karya ƙa'idojinta ne dalili. A Janairun 2021 ta kori Parler bayan harin da aka kai majalisar dokokin Amurka, shafin ya yi kusan wata guda a rufe. Kowane ɗan haya ana iya korarsa, amma wanda ya gina shafinsa kan tsarin "babu saba" ya fi shan wuyar ƙaura, domin an ɗinka umarnansa daidai jikin kamfani guda. Komawa wani sai da sake rubutu mai yawa.

Bayanan ma sai an tambayi inda suke kwana. Babbar cibiyar AWS a Afirka tana Cape Town, an buɗe ta a 2020, Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 kuma ta gindaya sharuɗɗa kan fitar da bayanan mutane waje. Ƙungiyar da ke tattara sunaye da lambobin wayar masu sa ido ita doka za ta tuhuma, ko da ba ta taɓa ganin kwamfutar da suke ciki ba.