Kamaru: Yadda ake raba guraben aikin gwamnati tsakanin jihohi, da inda Hausawa suka tsaya

Duk shekara idan aka fitar da sakamakon jarrabawar konkur ta shiga manyan makarantun gwamnati a Kamaru, kamar makarantar horar da manyan ma'aikata da alƙalai ta ENAM da ke Yawunde, sai muhawara ta ɓarke kan tsarin da ake kira équilibre régional da Faransanci, wato daidaito tsakanin jihohi. A wannan tsari maki kaɗai ba ya ba mutum gurbi. Kowace jiha tana da kasonta, kuma ɗan takara yana gogayya ne da 'yan jiharsa.

Asalin tsarin

Kamaru ƙasa ce mai ƙabilu sama da 200 da harsunan hukuma biyu, Faransanci da Ingilishi. Makarantun mishan sun daɗe da kafuwa a kudu kafin boko ya yi ƙarfi a arewa, don haka a lokacin samun 'yancin kai a 1960 mafi yawan masu takardun karatu 'yan kudu ne. Shugaba Ahmadou Ahidjo, ɗan Garwa, ya sa hannu kan dokar da ta tanadi rabon gurabe a 1975, aka sake gyara ta a 1982. Hujjar ita ce kowane yanki ya ga ɗansa a cikin ma'aikatu, domin kada wani ya ɗauki gwamnati a matsayin mallakin wasu.

A rabon da aka tsayar a 1992, jihar Arewa Mai Nisa tana da kashi 18 cikin 100, Tsakiya 15, Yamma 13, Littoral 12, Arewa Maso Yamma 12, Kudu Maso Yamma 8, Arewa 7, Adamawa 5, Gabas 4, Kudu 4, sai kashi 2 na tsofaffin sojoji. Jihohin arewa uku ke nan sun tashi da kashi 30.

Wace ce jihar mutum?

A nan ne batun ya shafi Hausawa kai tsaye. Jihar da ake lissafa wa ɗan takara ita ce jihar asalin iyayensa, ko da a wani wuri aka haife shi ya girma. Hausawa kuwa sun bazu ko'ina cikin ƙasar ta hanyar fatauci tun kafin zuwan Jamusawa da kuma zamaninsu. Akwai su a Birketiri ta Yawunde, da New Bell ta Duwala, da tsohon garin Bamenda, ban da Garwa da Marwa da Ngaundare. Yaron da kakansa ya zauna a Birketiri, mahaifinsa ma can aka haife shi, yana iya rasa amsar da za ta gamsar da kowa: a kudu ana yi masa kallon ɗan arewa, a arewa kuma ba shi da ƙauyen da zai nuna.

Siyasa ma haka take. Kundin tsarin mulki na 18 ga Janairun 1996 ya yi alkawarin kare tsiraru, amma ya ce shugaban majalisar jiha dole ya zama ɗan asalin jihar. Dokar ƙananan hukumomi ta Disamban 2019 ta ɗora irin wannan sharaɗi kan magajin babban birni. A gefe guda, dokar zaɓe ta 2012 ta wajabta wa jam'iyyu su yi la'akari da rukunan al'ummar mazaɓa da kuma mata wajen tsara jerin 'yan takara. Wannan ƙofa ce ga unguwannin Hausawa su nemi kujerun kansila.

Masu goyon baya da masu suka

Masu kare tsarin suna cewa ba don shi ba, da yaron da ya yi karatu a ajin da babu benci a Arewa Mai Nisa bai taɓa kamo ɗan Duwala ba. Masu suka suna cewa ana barin mai maki da yawa a ɗauki na ƙasa da shi, kuma sau da yawa 'ya'yan manya ne ke cinye kason jiharsu, talaka ya tashi hannu rabbana. Wasu kuma suna nuni da cewa kason jiha bai ce komai ba kan ƙananan ƙabilun da ke cikin jihar. Kamfanoni masu zaman kansu ba sa cikin wannan rabo.

Maƙwabta ma suna da irin nasu. Najeriya ta sa ƙa'idar wakilcin jihohi a kundin tsarin mulkinta na 1979, kuma can ma takardar shaidar asali tana wahalar da waɗanda aka haifa a wajen jihar iyayensu. Nijar ta kafa dokar kason mata a shekarar 2000.

Kafin a kai ga batun kaso, akwai matakin farko. Ba a karɓar takardun ɗan takara sai da takardar haihuwa da shaidar zama ɗan ƙasa, kuma kowace jarrabawa tana da iyakar shekaru. Iyalin da suka yi sakaci da rajistar haihuwa sai sun bi ta kotu daga baya, lokaci yana tafiya. Yaron da ba shi da takarda ba ya cikin lissafin kowace jiha.