Takunkumin Direba Ba Na Shingen Hanya Ba Ne

Duk wanda ya shiga motar haya daga Jega a 2020, lokacin korona, zai tuna yadda ake yi. Da an hango shinge sai direba ya ce, "Jama'a, kowa ya ja takunkumi." Mai nasa a haɓa ya ja shi sama, wanda bai da shi ya toshe hanci da gefen rawani ko hijabi. Ana wucewa kowa ya sauke. Ko a Janairun 2021, da Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar tilasta takunkumi a wuraren taruwa, tsoron ɗan sanda ne ya ƙaru, ba tsoron cuta ba.

Alhali cikin mota babu wanda ya kai direba shiga haɗari. Jega mahaɗa ce: ga hanyar Sakkwato, ga ta Birnin Kebbi, ga wadda ta bi ta Maiyama ta nufi Koko da Yawuri. Direba ɗaya zai kwaso fataken albasa da ɗalibai daga Aliero da safe, da rana ya ɗauko marar lafiya daga Birnin Malam zuwa asibiti. Fasinja yana sauka ya kama gabansa, shi kuwa direba cikin numfashin mutane yake yini. Huɗu a baya, biyu a gaba, na tsakiya kafaɗarsa na gogar ta direba duk lokacin da zai canja giya. Idan hunturu ya kama, a ɗage gilashi ruf saboda sanyi da ƙura, tarin mutum ɗaya ya zama na kowa. Da yamma kuma direban ya koma cikin iyalinsa.

Wani zai ce ai korona ta wuce. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓaci a Mayun 2023. To amma a Maris na 2025 gwamnatin Kebbi ta sanar da mutuwar mutum 26 a ɓarkewar sanƙarau, akasarinsu a Gwandu da Jega da Aliero, har aka rufe jami'ar Aliero na wani lokaci. Mashaƙo ya addabi Arewa tun ƙarshen 2022, tarin fuka kuwa dama bai taɓa barinmu ba. Dukkansu ta tari da atishawa da kusantar juna suke bi.

Saboda haka idan aka ji cuta irin wannan ta ɓulla, direba da yaron mota da ɗan kamasho su sa takunkumi, kuma ya rufe hanci da baki tare. Wanda aka rataye a madubi tun makon jiya, ya sha ƙura ya yi dauɗa, ba abin da zai tsinana. Na yadi a wanke shi da sabulu kullum a shanya a rana. Na asibiti in ya jiƙe da gumi a yar. Ba a aro, ko daga hannun amini. A bar gilashi a ɗan buɗe gefe biyu, iska ta ratsa, ko da fasinja zai yi ƙorafi.

A ganina, ƙungiyar direbobi ta NURTW ce ta fi kowa iya gyara wannan. Wanda ke iya karɓar kuɗin lodi daga kowace mota ba zai gaza ajiye kwalin takunkumi a teburinsa ba, a miƙa wa duk fasinjan da aka ji yana tari, cikin mutunci, ba tare da an kunyata shi ba.

Sai dai takunkumi kariya ne, ba magani ba. Zazzaɓi mai zafi da ciwon kai da sandarewar wuya, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya kemis. Idan masu rigakafi sun zo, a kai yara. Direban da tarinsa ya haura mako biyu ya je a gwada majinarsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati.