Wa Zai Fassara Mana Takardar Gwajin Jini?

Da yawanmu mun taɓa ganin takardar gwajin jinotayif, wadda ake rubuta AA ko AS ko SS a kanta. A 2024 gwamnatin Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin aure, kuma wannan gwaji yana ciki. Sai dai haruffa biyu ba sa yi wa kowa bayani. Wanda ake miƙa wa takardar a ce "duba mana" galibi ba babban likita ba ne, ma'aikacin ƙaramin asibitin unguwa ne, ko nas, ko unguwarzoma. Shi ya sa horar da su ya zama dole.

Mai AS ba mara lafiya ba ne. Ya gaji ƙwayar halittar sikila ɗaya ce daga uwa ko uba. Idan AS ya auri AS, a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, wato mai amosanin jini. A nan ake yawan tuntuɓe. Idan ma'aikaci ya ce "ɗa ɗaya cikin huɗu", iyaye sai su ɗauka tunda na fari ya zo da cutar, uku na bayansa sun tsira. Ba haka ba ne. Kowane ciki lissafinsa sabo ne, kamar jefa kwabo: na jiya bai shafi na yau ba. Ana iya haifar huɗu babu mai SS, ana iya samun biyu a jere. Malaman lissafi, ga misali kyauta!

Horon yana kuma koya musu su yi tambaya kafin su amince da sakamako. Wanda aka ƙara wa jini a 'yan watannin nan, gwajinsa na iya nuna AS alhali SS ne, saboda jinin wani yana yawo a jikinsa. Akwai kuma AC da SC, kuma SC ma sikila ce. Wasu marasa lafiya ma rukunin jini, irin su O da B, suke ɗauka shi ne jinotayif.

A ganina, mafi wuya shi ne yadda za a faɗi labarin. Ba a gaban layi ake sanar da saurayi da budurwa sakamakonsu ba. Idan yaro ya fito SS, wajibi ne uba ya ji cewa daga su biyun aka gada, domin sau da yawa uwa ake ɗora wa laifi. Sannan a gaya musu abin yi: shan ruwa sosai, kwana a gidan sauro, kammala rigakafi, da garzayawa asibiti da zarar zazzaɓi ya taso. Daga nan ma'aikacin ya rubuta musu takardar zuwa babban asibiti mai sashen masu sikila.