Mai Wat Biyar a Gasar Masu Dubu

Kowace shekara, a Asabar da Lahadin ƙarshe na watan Nuwamba, wani ɓangare na gajeren zango yakan kaure da tsuwa. Ana farawa ne da ƙarfe ɗaya na daren Juma'a wayewar Asabar, agogon Najeriya da Nijar, a yi awa 48 ba hutawa. Wannan ita ce gasar CQ ta duniya, ɓangaren haruffan Morse, wadda mujallar CQ ta Amurka ta faro a 1948. Dubban mutane ne ke shiga daga kowace nahiya, kowa yana neman ya tuntuɓi tashoshi da yawa a ƙasashe da yawa kafin lokaci ya cika.

Masu wannan harka su ne 'yan rediyon sha'awa: mutanen da gwamnatin ƙasarsu ta ba lasisin kafa 'yar tasha a gida, su yi magana da takwarorinsu ta iska. Ba su watsa labarai, ba su sa kiɗa, kuma doka ta hana su cin kuɗi da ita. Kowannensu yana da sunan tasha, haruffan farkon sunan kuma su ke nuna ƙasarsa: 5N na Najeriya, 5U na Nijar, 9G na Gana, TJ na Kamaru, TT na Cadi, ST na Sudan.

An kasa masu gasar gida uku gwargwadon wutar da suke turawa cikin eriya. Manya suna kaiwa wat 1,500. Matsakaita ba su wuce wat 100. Sai na uku, waɗanda ake kira 'yan QRP, su kuma iyakarsu wat 5, wato daidai abin da 'yar ƙaramar cajar waya irin ta da ke bayarwa. Don mai karatu ya ga tazarar, injunan da BBC ke watso mana shirye-shirye da su daga tsibirin Ascension masu wat 250,000 ne kowanne. Ni waɗannan na ukun ne suka daɗe suna ɗaukar mini hankali, don a ido aikin nasu ya yi kama da wauta. Mutum ya shiga tsakiyar masu ƙarfin da ya ninka nasa sau 300, da gangan, alhali wasunsu suna da halin sayen babban inji.

Sai dai lissafin rediyo ba irin na kasuwa ba ne. A jikin na'urar karɓa akwai ma'aunin ƙarfin sigina mai matakai daga 1 zuwa 9, kuma kafin allurar ta hau mataki ɗaya sai an ninka wuta sau huɗu. To, sauko daga 100 zuwa 25, mataki ɗaya ke nan. Daga 25 zuwa 6 da 'yan kai, na biyu. Ashe in ana jin mai wat 100 a mataki na 9, mai wat 5 zai iso wajen na 7, ana jin sa rangadau. Ko mai wat 1,500 da kimanin matakai huɗu kawai ya fi shi. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da hanya ba ta da kyau. In mai wat 100 ya iso a mataki na 3, ƙaramin ya riga ya nutse cikin shuu ɗin iska.

Ita kuwa hanyar, sama ce ke ba da ita. Can tsakanin kilomita 200 zuwa 400 bisa kanmu akwai wani sashe na iska da hasken rana ke cajawa, shi ke tanƙwaro gajeren zango ya dawo da shi ƙasa a wata nahiyar. Shi ya sa dattawanmu ke canza mita tsakanin shirin safe da na dare. Ƙarfin wannan sashe yana hawa yana sauka tare da zagayen rana na kimanin shekara 11. Wanda muke ciki ya soma a Disamban 2019, ya kai ganiyarsa wajen 2024. A irin waɗannan shekaru mita 15 da mita 10 sukan buɗe sosai da rana, kuma in suka buɗe, ƙarami da babba duk suna wucewa.

Me ya sa sai Morse? A 1844 ne Samuel Morse ya aika saƙonsa ta waya daga Washintan zuwa Baltimo. Tsarin da ake amfani da shi yau bai wuce gajeren sauti da dogo ba, dogon ya ninka gajeren sau uku. Muryar mutum a rediyo tana cin faɗin kusan haz 2,400, wutar ta watsu a cikinsa. Morse kuwa sauti ɗaya ne tal, duk wutar ta taru a kansa, mai sauraro kuma zai iya tsuke ƙofar na'urarsa zuwa haz 500 ko 250. Iya tsukewar ƙofa, iya raguwar hayaniyar da ke shigowa. Kunnen ɗan Adam kuma gwani ne wajen tsamo tsuwa guda daga cikin shirme. Jiragen ruwa sun ajiye Morse a 1999, babban taron sadarwa na duniya ya cire wajabcin jarrabawarsa a 2003, Amurka ta bi a 2007, aka yi ta cewa ya mutu. Wanda ya buɗe mita 20 a ƙarshen Nuwamba ya san ba a yi jana'izar ba tukuna.

Ga yadda ake hulɗar. A ce babbar tasha ce a Jamus ta kafe a wuri ɗaya tana maimaita TEST, wato kiran gasa, da sunanta. Kai kana Kano da wat 5. Da ta yi shiru, sai ka buga sunanka sau ɗaya. In ta ji, za ta dawo da sunan naka, ta ƙara da 5NN 14. Kai ka amsa da 5NN 35. Ta ce TU, wato godiya, ta wuce kan na gaba. Duk wannan ba ya cika daƙiƙa goma, don gudun bugun yakan kai kalma 30 a minti ko fiye. Lambobin nan 14 da 35 na shiyya ne: an raba duniya shiyya 40, Jamus tana ta 14, Najeriya da Nijar da Gana suna ta 35. Shi kuma 5NN taƙaitawar 599 ne, rahoton da ke cewa ana jin ka sarai. Lambar 9 doguwa ce a Morse, sai aka musanya ta da harafin N. Abin dariya, mutum zai sa ka maimaita sunanka sau uku saboda da ƙyar yake jin ka, ya gama ya ba ka 599. Kowa ya san al'ada ce, ba wanda ke ɗaukarta shaida.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ce gasa ita ce ranar ƙarami. In ka tuntuɓi wata nahiya, maki uku ne. Wata ƙasa a nahiyarmu, maki ɗaya. Cikin ƙasarku, babu maki. A ƙarshe sai a ninka jimillar da yawan ƙasashe da shiyyoyin da ka samu a kowane zango. Babu inda aka ce makin da ya fito daga mai wat 5 ya gaza wanda ya fito daga mai 1,500. Ranar da ba gasa, babba zai iya jin raunanniyar tsuwa ya kau da kai, don hira da wanda ba a ji sosai wahala ce. Ranar gasa kuwa wannan tsuwar maki uku ce, abokin hamayyarsa ma yana can yana farautarta. Dole ya danna abin sauraro a kunne, ya juya eriyarsa, ya buga AGN, wato sake, har sai ya cire harafin ƙarshe.

Amma sai ƙaramin ya san lokacinsa. Daren farko da safiyar Asabar na manya ne. Duk tashar da ta buɗe baki, rububi ake yi a kanta, wanda ya tsaya yana ta kira a nan batirinsa kawai zai ƙarar. Gogaggen ɗan QRP in ya gwada sau biyu ko uku ba a ji ba, sai ya rubuta wurin a takarda ya wuce, ya dawo bayan awa ɗaya. Ya fi neman can saman zango inda cunkoso ya ragu. Yakan ɗan goce kaɗan daga inda kowa ke kira, da kamar haz 50 ko 100, don sautinsa ya bambanta a kunnen wancan. Yakan jira daidai gaɓar da masu ƙarfi suka saki madanni, ya jefa sunansa a cikin shirun. Sannan ya yi tanadin ƙarfinsa don yammacin Lahadi. A lokacin manyan sun riga sun share duk masu ƙara, suna ta kira babu mai amsawa, ga gajiya ga barci, kowane sabon suna zinariya ne a wurinsu. Wasu suna liƙa QRP a wutsiyar sunansu don a tausaya musu. Ni ban ga amfanin haka ba. Ƙarin haruffa ne ga mutumin da tun farko da ƙyar yake jin ka, kuma hanyar kuskure ce a rajista.

Kuskuren kuwa yana da tsada. Bayan an tashi, kowa zai aika rajistarsa cikin kwana biyar, kwamfuta ta gwama ta da ta sauran. Wanda ya rubuta suna ba daidai ba, a soke masa makin, a kuma ci shi tara. Abu ɗaya ne ba mai zuwa gidanka ya auna, wato wutar da ka tura. Wannan amana ce tsakanin mutum da zuciyarsa, ko da yake yanzu akwai ido a sama: tun fitowar manhajar CW Skimmer a 2008 aka samu kwamfutoci a ƙasashe da dama da ke sauraron Morse dare da rana, suna sa sunan wanda suka ji da ƙarfin siginarsa a intanet. Mai cewa wat 5 yake yi alhali kullum yana danne maƙwabtansa masu 100, za a fara yi masa kallon-kallo.

Harkar tana da manyanta. George Dobbs, limamin cocin Anglika a Ingila, shi ya kafa ƙungiyar G-QRP a 1974 da mujallarta SPRAT, ya yi ta koya wa mutane haɗa rediyo da hannunsu har ya rasu a 2019. A 1976 Doug DeMaw ya buga a mujallar QST ta Amurka yadda ake haɗa injin aikawa mai tiranzista biyu a kan gwangwanin kifi, ƙarfinsa bai kai wat ɗaya ba, har yau ana kwaikwayonsa. A 2017 wani ɗan Ingila, Hans Summers, ya fito da QCX, rediyon Morse mai wat 5 da ake sayen kayansa a warwatse mutum ya liƙa da dalma, a kan kuɗin da bai kai dala 50 ba a lokacin. Ƙungiyar QRP ARCI kuma tana ba da takardar yabo ga wanda ya ci mil 1,000 da kowane wat ɗaya. Kano zuwa Landan, kimanin kilomita 4,500, bai isa ba in da wat 5 ne. Kano zuwa Niu Yok, wajen kilomita 8,500, ya isa har da ɗoriya.

Akwai dai wata magana da 'yan QRP ba su cika son ji ba. In mai wat 5 da zaren waya ya tsallake teku, galibi a ɗaya gefen akwai wanda ya kashe dukiya ya kafa dogon ƙarfe mai mita 30 ko 40, ya ɗora jibgegiyar eriya, ya shekara yana horar da kunnensa. Shi ya sha wahalar tsamo siginar, amma ƙaramin ne zai je yana ba da labari. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na yarda da wannan suka, rabin yabon na mai kunne ne, wani lokacin ma fiye da rabi. Abin da ya rage wa ƙaramin, wanda ba mai ƙwace masa, shi ne sanin yaushe hanya ke buɗewa, da tsabtar bugu, da haƙuri. Babban inji yakan rufa wa mai shi asiri in ya yi sakaci a waɗannan. Wat 5 ba ya rufa wa kowa.

A nan ne na ga mu muna zaune kan garaɓasa ba mu sani ba. Turawa sukan kwashi kaya su tafi Maroko ko tsibiran Kanari lokacin gasa, saboda a lissafi can Afirka ce, kowane Bature da suka tuntuɓa maki uku ne. Mu a Afirkar muke, kuma tashoshin da ke fitowa daga Najeriya da Nijar 'yan ƙalilan ne, don haka duk wanda ya ji 5N ko 5U ya ji sabuwar ƙasar da za ta ninka masa maki. Mai wat 5 daga Zariya ko Maraɗi zai iya tarar da cewa shi ake wa rububi. Kayan ma ba su fi ƙarfinmu ba: batir mai bolt 12 irin na babur, ɗan faifan sola, da waya mai tsawon mita 10, biyar kowane gefe, a ɗaure tsakanin darbejiya da doguwar gora, ta isa zangon mita 20. Ƙarshen Nuwamba kuma damina ta wuce, ƙarar tsawa ta ragu a iska. Matsalar birni ita ce hayaniyar inbata da janareta da ƙwan lantarki masu araha, wadda takan toshe kunnen rediyo. Mutumin ƙauye ya fi na birni sa'a a nan.

Sai dai kada wani ya ɗaga eriya ya soma aikawa babu takarda. Lasisi wajibi ne a kowace ƙasa, kuma a halin tsaron da ake ciki, wanda aka kama da injin aika saƙo ba izini ya jawo wa kansa doguwar magana. A Najeriya akwai ƙungiyar 'yan rediyon sha'awa, NARS, ta nan ya kamata mai niyya ya fara tambaya.

Kafin nan, sauraro ya isa mafari. A samu rediyon gajeren zango mai maɓallin SSB, don wanda ba shi da shi ba zai fitar da tsuwar ba. A murɗa tsakanin megahaz 14.000 da 14.070 a ranakun gasa; sauran ranaku kuma 'yan QRP sun fi taruwa a 14.060. Mai son koyon haruffan ya koye su da kunne tun ranar farko, kada ya haddace su daga zane a takarda, don wanda ya saba ƙirga ɗigo da ido ba zai iya bin gudun kalma 30 a minti ba.