Baƙon Inji a Kasuwar Kafanchan: Yadda Ake Nema Masa Diloli

Gabatarwa

A shekarar 2022, lokacin da ƙungiyar malaman jami'o'i ta shiga yajin aikin nan na wata takwas, wato daga Fabrairu zuwa Oktoba, kowane ɗalibi ya nemi inda zai sa kansa. Ni Kafanchan na nufa, wurin kawuna da ke sayar da injinan ban-ruwa da na feshi da na niƙa. Na iske shi cikin damuwa. Wata huɗu kafin zuwana ya kwashe kusan rabin jarinsa ya saro injin yankan katako guda 20 daga Legas, ƙirar ƙasar Sin, masu wani suna da ba wanda ya taɓa ji a yankin. Uku kacal suka fita, biyu daga cikinsu kuma an dawo da su a lalace. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda ake kafa wa irin wannan baƙon kaya diloli, da kuma inda harshen Hausa ya shigo cikin al'amarin, domin a nan ne na ga amfanin abin da muke karantawa a aji.

Kafanchan da Kewayenta

Kafanchan ita ce hedikwatar ƙaramar hukumar Jama'a. Garin ya bunƙasa ne saboda jirgin ƙasa, domin a nan layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya kuma ya nufi Jos tun 1927. Wannan ne ya tara ƙabilu daban-daban a wuri guda. A yankin akwai Fantswam da Kaninkon da Bajju da Atyap da Ham da Kagoro da Ninzo da sauransu, ga Hausawa da Fulani, ga kuma Inyamurai da Yarbawa 'yan kasuwa. Kowa da harshensa, amma idan an zo ciniki da Hausa ake yi.

Yankin ya fi arewacin jihar Kaduna samun ruwan sama, saboda haka akwai kurmi da manyan itatuwa irin su maɗaci da kawo da maje da maɗobiya. Akwai kuma gandun dajin Nimbia da aka kafa a 1957, wanda akasarinsa itacen tik ne da aka dasa. Masu buƙatar injin yankan katako iri uku ne: masu tsaga katakon rufi, irin su tu-bai-tu da tu-bai-fo, da masu itacen girki da gawayi, sai manoma masu sharar sabuwar gona. Mai injin ba lalle ne shi ke aiki da shi ba. Sau da yawa wani ne ke saye ya ba wa afareta, wato mai sarrafa injin, su riƙa raba abin da aka samu.

Ƙarfin Suna

Abu na farko da na lura da shi shi ne, mai saye ba ya cewa a ba shi inji, sunan kamfani yake kira. Wani dattijon afareta da yakan zauna a shagonmu kowane irin injin yankan katako “dolma” yake ce masa. Da na bincika sai na gano cewa Dolmar sunan wani kamfanin Jamus ne da Emil Lerp ya kafa a birnin Hambag a 1927, wanda kamfanin Makita na Japan ya saye a 1991. Makita ya daina ƙera injina masu shan fetur a 2022, amma sunan yana nan a bakin dattijon. Wannan shi ne abin da ya faru da Omo da Maggi, inda sunan kaya ɗaya ya zama sunan jinsin kayan baki ɗaya.

Sunayen da suka riƙe kasuwar su ne Stihl, wanda Andreas Stihl ya kafa a Jamus a 1926, da kuma Husqvarna na ƙasar Suwidin, wanda ya soma ƙera irin wannan inji a 1959. Babban injin nan Stihl 070 ya yi suna ƙwarai a Afirka ta Yamma wajen tsaga katako, har ya zama ana kwaikwayonsa. Abin lura a nan shi ne, tsarin kamfanin Stihl shi ne sayar da kayansa ta hannun diloli masu iya gyara. Ke nan ba ƙarfin injin kaɗai ya kafa sunan ba, har da tabbacin cewa idan ya lalace akwai wanda zai duba shi.

Wata rana dattijon nan ya ɗaga ɗaya daga cikin injinanmu, ya jijjiga shi, ya ce wa kawuna, “Maigida, injinka ba laifi, ga kuma araha. Amma idan fistin ya ƙone mini a dajin Gwantu, wa zan nema?” Kawu ya yi shiru. Wannan tambaya ita ce ta sauya mana tunani gaba ɗaya. Afareta ba tsadar inji yake tsoro ba, kwanakin da zai yi zaune ba aiki yake tsoro.

Matakan Kafa Diloli

Mataki na farko shi ne kayan gyara su riga injin isa gari. Injin yankan katako yana da sassan da ke cinyewa kullum: sarƙa, da dogon ƙarfen da sarƙar ke gudu a kansa, da fulogi, da igiyar tayarwa, da matatar iska, sannan fistin da ringi da kafireto. Kawu ya koma Legas ya shaida wa wanda ya sara wa kayan cewa ba zai ƙara ɗaukar inji ko ɗaya ba sai da kayan gyaransa. A nan muka gano wani abu mai amfani, wato wasu sassan injinmu sun dace da na sanannun injinan da ke kasuwa. Na zauna na rubuta jerin sassan da suka dace da waɗanda ba su dace ba, domin sanin wannan kaɗai yana rage wa mai saye fargaba.

Mataki na biyu shi ne neman bakanike kafin neman ɗan kasuwa. A kowane gari akwai mutum ɗaya ko biyu da ke gyaran janareta da injin ban-ruwa, kuma afaretoci suna jin maganarsu fiye da ta mai shago. Mun ɗauki ɗaya daga cikin injinan da aka dawo mana da su muka ba wani bakanike a Kafanchan kyauta, ya warware shi ya mayar har sai da ya san cikinsa. Daga baya shi ne ya koya wa takwarorinsa na Zonkwa da Kwoi da Gidan Waya. Masu iya magana sun ce da ɗan gari akan ci gari.

Mataki na uku shi ne gwaji a bainar jama'a, domin gani ya kori ji. Mukan ɗauki inji da gungume mu je ranar kasuwa, mu bar duk afaretan da ke so ya yanka da hannunsa. Wanda aka amince da shi akan ba shi aron injin na kwana uku ya tafi da shi daji. Abin da ya dawo ya faɗa a majalisarsu ya fi kowace talla tasiri, ko yabo ne ko suka.

Mataki na huɗu shi ne zaɓen dila da raba masa yanki. Kawu ya fi son mutumin da ya riga yana da shago da kwastomomi, ko da ƙaramin shago ne, a kan mai kuɗin da bai san sana'ar ba. Ya sa ƙa'ida cewa dila ɗaya ne a gari ɗaya, farashi ɗaya ne ko'ina, shi kansa kuma ba zai sayar wa mutumin Kachia inji a Kafanchan ƙasa da yadda dilan Kachia ke sayarwa ba. Idan babban mai kaya ya karya farashin dilansa, to ya kashe shi, kuma sauran diloli za su ji labari.

Mataki na biyar, kuma mafi haɗari, shi ne bashi. Ƙaramin dila ba zai zuba kuɗinsa a kan sunan da bai sani ba. Dole aka soma ba su inji biyu biyu, su ba da kafin alƙalami, sauran kuma sai sun sayar. Wannan ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Masanin nan Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda cinikin goro da shanu ya dogara a kan maigida da dillali, inda maigida ke tsaya wa mai karɓar bashi. Haka mu ma muka yi, ba a ba dila kaya sai wani sananne a kasuwarsu ya tsaya masa. Duk da haka wani ya tafi mana da inji biyu, har yau ba amo ba labari.

Inda Hausa ta Shigo

Da muka binciki injinan da aka dawo da su, sai bakanike ya gano cewa duka biyun nokin suka yi saboda kuskuren haɗa mai. Irin wannan inji ba shi da wurin zuba baƙin mai dabam kamar mota, a cikin fetur ake haɗa masa nasa man na musamman. Namu yana son kashi 1 na mai cikin kashi 25 na fetur, wato mililita 200 a lita 5, alhali akwai injinan da ke son kashi 1 cikin 50. Wanda ya saba da wancan ma'auni ya kawo shi nan, fistin zai ƙone. Wasu kuma baƙin man da aka juye daga mota suke zubawa. Duk wannan bayani yana cikin ɗan littafin da ke zuwa da injin, amma da Turanci da Sinanci aka rubuta shi, Turancin ma mai wuyar ganewa.

Kawu ya dube ni ya ce, “Kai ba Hausa kake karantawa ba? To ga aiki ya same ka.” Na fassara muhimman wuraren a takarda ɗaya. Fassarar farko ba ta karɓu ba, domin na cika ta da ƙirƙirarrun kalmomi. Na rubuta “mahaɗar iska da mai”, afaretoci suka tambaye ni mene ne wannan, alhali da na ce kafireto kowa ya gane. Daga nan na koyi cewa mai fassara yana fara sauraron masu sana'a kafin ya ɗauki alƙalami. Inda suke da kalmar aro da ta zauna, na bar musu abarsu. Inda kuma Hausa ke da tata, kamar sarƙa da magagari da haƙori da wasawa, na yi amfani da ita. Waɗanda ba su karatu kuma muka ɗaukar musu bayanin da murya, diloli suna tura musu ta WhatsApp. Kowane inji kuma muka haɗa shi da ƙaramar kwalba mai alamar ma'auni.

Ko kalmomin cinikin kansu abin nazari ne. Dillali da wakili daga Larabci muka aro su, dila da kwastoma da garanti kuma daga Turanci. Dillali ba shi da kaya, haɗa ciniki yake yi ya karɓi la'ada. Dila kuwa yana sarar kaya ya ajiye ya ci riba. A rubuce kuma wannan dila ɗaya yake da dila na daji da dilar gwanjo. Kawu yakan yi raha ya ce duk ukun sai an yi hattara da su.

Jarrabawar 2023

Kafin a janye yajin aiki mun sayar da sauran injinan, mun kuma samu diloli biyar. Amma 2023 ta zo da jarrabawa uku. A ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni aka saki darajar naira, sai kuma cutar da ta afka wa citta a daminar shekarar a Kachia da Jaba da Kagarko da kewaye. Kuɗin citta shi ne ke motsa kasuwannin yankin da kaka, da shi ake gini a sayi katako. Kuɗin da dila ya biya bayan wata uku ya kasa sayo injin da aka ba shi. Dole kawu ya rage wa'adin bashi zuwa wata ɗaya, diloli biyu suka janye. Ukun da suka rage kuwa, kayan gyara ne suka riƙe su, domin ko ba a sayi sabon inji ba, sarƙa da fulogi ba su daina fita. A gefe guda kuma, tsadar sanannun injina ta sa wasu da ke raina namu suka dawo suna tambaya.

Batun Daji

Ba zan rufe ba tare da taɓo abin da ya fi damuna ba. Itacen da ya shekara hamsin yana girma, injin nan yakan kayar da shi cikin mintoci. Yadda aka yi wa maɗobiya ɗibar karan mahaukaciya ana kai wa ƙasar Sin ya sa aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido a 2016, aka kuma dakatar da fitar da ita daga Nijeriya a 2018. A 2021 gwamnatin jihar Kaduna ta hana sare itatuwa a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Kachia da Kajuru, saboda matsalar tsaro. Na taɓa tambayar kawu ko ba mu da hannu a wannan ɓarna. Ya ce idan bai sayar ba wani zai sayar. Ban gamsu da amsar ba, amma na samu ya yarda muka ƙara layi biyu a takardar fassarar: a nemi izinin ma'aikatan gandun daji kafin a sare itace, kuma a bar ɗorawa da kaɗanya, waɗanda mata ke samun kalwa da man kaɗe daga gare su. Shi ma ya san cewa ranar da daji ya ƙare, ranar ce cinikinsa zai ƙare.

Kammalawa

A taƙaice, kafa wa baƙon kaya diloli ya ƙunshi samar da kayan gyara, da horar da bakanike, da gwaji a fili, da kare yankin kowane dila, da ba da bashi bisa lamuni, da kuma yi wa mai saye bayani da harshen da yake ji. Kira na ga 'yan'uwana ɗalibai shi ne, idan an tashi zaɓen batun kundin kammala digiri, a waiwayi kasuwannin 'yan katako da garejin kanikawa. Akwai ɗimbin kalmomin sana'a da ba su shiga ƙamus ba tukuna, akwai kuma injina da magungunan feshi da ke shigowa ƙauyukanmu kullum ba tare da bayanin Hausa ko layi ɗaya ba. Ni dai na fara tattara nawa a wani ɗan littafi, kuma dattijon nan mai “dolma” shi ne malamina na farko.