Birni, Ganuwa da Kufai: Abin da Sunaye ke Faɗi a kan Tarihin Damagaram

Wanda ya hau duwatsun Damagaram, wato Zinder, ya duba ƙasa, zai hangi garin ya kasu kashi uku: Birni, inda fadar sarki take, Zango, masaukin fatake da ayarin Abzinawa, sai Sabon Gari a tsakaninsu. Zai kuma hangi guntayen tsohuwar ganuwa da sansanin da Nasara suka kafa. Yawancin ginin ƙasa ya zube, amma sunayen suna nan a bakin jama'a. Manufar wannan bayani ita ce nuna amfanin waɗannan sunaye ga mai bincike da mai tsara littattafan yaƙi da jahilci.

1. Tarihin wurin a taƙaice

Sarki Tanimu, wanda ya riƙe sarauta daga 1851 zuwa 1884, shi ya kewaye Birni da ganuwa, ya kuma sa maƙera suka ƙera masa igwa. A watan Mayu na 1898 aka kashe wani hafsan Faransa, Kazamaju, a zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A watan Yuli na 1899 sojojin Faransa suka ci yaƙin Tirmini, suka shiga garin, suka kafa sansani da sunan hafsan nasu. Damagaram ta zama mazaunin mulkin Nasara tun 1911, har 1926 da aka mayar da shi Yamai. Daga baya an sake wa sansanin suna, aka ba shi sunan Tanimu. Ashe ko sauyin sunan kansa darasi ne na tarihi.

2. Kalmomi da ma'anoninsu

Kalmomi biyar ne suka fi yawo a bakin masu ba da labarin irin waɗannan wurare, kuma kowace da gurbinta:

birni: gari mai ganuwa, yawanci mazaunin sarki;
ganuwa: katangar tsaro da ta kewaye gari;
garu: katanga mai kauri, ta gari ko ta babban gida;
kango: gini da aka bari, rufinsa ya faɗi;
kufai: wurin da gari ya taɓa zama, mutanensa suka tashi.

Abin lura shi ne bambancin kango da kufai. Kango na iya kasancewa a tsakiyar gari mai rai, kufai kuwa sai gari ya watse. Saboda haka kuskure ne a kira guntayen ganuwar Damagaram kufai, tun da Birni cike yake da jama'a. Kufan Kanawa, da ke yankin Damagaram, shi ne kufai na sosai, kuma sunansa na ɗauke da labarin da ake bayarwa cewa mutanen wurin suna da dangantaka da Kano. Kalmar birni kuwa Hausa da Barbarci sun yi tarayya a kanta, kamar yadda sunan Birnin Gazargamu ya nuna. Ba abin mamaki ba ne, domin Damagaram ta daɗe tana biyan gaisuwa ga Barno.

3. Matsalar rubutu

Taswirorin Faransanci sun ɓata siffar sunaye da dama. Zango ya koma Zengou, Birnin Ƙonni ya koma Birni N'Konni. A misali na biyu an cire harafin -n na mallaka daga jikin birni, an liƙa shi ga kalmar da ke biye, an kuma yar da ƙugiyar ƙ. Ɗalibin da ya koyi ƙa'idar rubutun Hausa, wadda aka tattauna a taron Bamako na 1966, Nijar kuma ta tabbatar da tata a 1999, zai ga allon hanya ya saɓa wa abin da malami ya koya masa.

4. Shawara

Gani ya kori ji. Ya kamata masu bincike su je wuraren da kansu tare da dattawan unguwa, maroƙa da maƙera, su ɗauki sunan kowace ƙofa da kowane dutse yadda ake furta shi, da karin sauti da tsawon wasali. Masu tsara littattafai kuma su sa sunayen da rubutun Hausa, siffar Faransanci ta biyo baya. Aikin na gaggawa ne, domin damina na cin ganuwa kowace shekara, masu riƙe da sunayen kuma suna ƙarewa.