Itace da ƙusa: zaɓen kayan rufin ɗaki a Kore Mairuwa

Rufin ɗaki a Kore Mairuwa, garin da ke bakin babbar hanyar Doso zuwa Dogon Dutsi a gundumar Tibiri, abokan gaba biyu gare shi: gara mai cin itace a ɓoye duk shekara, da guguwar farkon damina wadda kan taso daga gabas ta yaye kwano a dare guda. Don gara ake zaɓen itace, don iska kuma ake zaɓen ƙusa da ɗauri.

Tun kaka da kakanni azara ce sarauniyar itacen gini a ƙasar Arewa. Daga gangar giginya ake faskaro ta, magina kuma sun fi son ta namijin giginya, domin ta fi tauri. Ƙarfin yana can wajen ɓawo, inda zaren itacen ya yi baƙi ya cunkushe. Tsakiyar ganga kuwa laushi gare ta. Shi ya sa mai saye kan juya azara ya duba cikinta: in fari ya rinjayi baƙi, ba ta kai ba. Gara ba ta cika samun sa'ar azara ba, sai dai tana da iyaka. In tazarar bango da bango ta wuce kamar mita 2, takan lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Wannan ne dalilin ƙuncin tsofaffin soraye, kuma shi ya haifar da bakan gizo, wato lanƙwasasshen ginshiƙi mai ɗauke rufi, a ginin Hausawa. Ba a buga mata ƙusa, tsagewa take yi; jera ta ake yi, a ɗaure da igiya, a danne da laka.

Yau azara ta yi tsada. Babban kurmin giginya na kwarin Dallol Mauri yana can kudu wajen Gaya, kuma sara sai da izinin ma'aikatan gandun daji, domin giginya kan ɗauki shekaru da dama kafin ta isa sara. Ƙarancin itace ne ya sa ƙungiyar Development Workshop ta soma koyar da gini ba itace a Cikal, ƙasar Filinge, a 1980, inda ake rufe ɗaki da ƙubbar tubali zalla.

Mafi yawan masu gini sun koma kwano da katakon da ke zuwa daga dazuzzukan kudu. Kafintoci sun raba shi gida biyu. Farin katako ba shi da nauyi, yana da araha, yana karɓar ƙusa ba gardama, amma abincin gara ne. Jan katako ya fi nauyi da tsada, ya kuma fi daɗewa. Ko wanne aka ɗauka, busasshe ake nema: ɗanyen katako in ya sha hunturu da zafin bazara sai ya murɗe, ƙusa ta yi sako-sako a raminta. Akan ɗaga shi a hango tsawonsa da ido ɗaya, a kuma guji mai babban ƙulli a tsakiya, don nan yake karyewa. Baƙin man mota da ake shafa masa yana taimakawa, amma ba ya ratsa ciki. Wurin da ya fi buƙatarsa shi ne kan katakon da zai shige cikin bango, kuma shi aka fi mantawa.

Itacen silin da ƙofa allo ne na fallayen katako da aka manne, faɗinsa santimita 122, tsawonsa 244. Mai kaurin milimita 4 ya isa silin, amma abin da zai ɗauki nauyi, kamar kanta, sai mai 18. Allon garin katako da aka matse kuwa bai dace da ɗakin da ke yoyo ba, yana jin ruwa ya kumbura.

A wajen ƙusa ne ake yin tsumulmular da ba ta da riba. Ƙusar kwano mai hula ce, an shafe ta da tutiya don kada ta yi tsatsa, kuma mai murɗaɗɗen jiki ta fi mai santsi riƙo. A kan tudun kwano ake buga ta, domin kwarinsa hanyar ruwa ce. A bakin rufi da kusurwoyi ake yawaita ta, nan iska ke fara ɗagawa. Wajen haɗa katako da katako, tsawon ƙusa ya kai kamar ninki uku na kaurin wanda ake kafawa. A manyan mahaɗai noti ya fi, a sa masa faifan ƙarfe ta kowane gefe don kada kansa ya nutse cikin itace.

Duk da haka, sau da yawa rufin da guguwa ta ɗauke akan same shi a bayan gida da ƙusoshinsa cif, domin daga bango ya rabu. Bangon laka ba ya riƙe ƙusa. Duwatsun da ake jerawa a kan kwano dabara ce ta dole, kuma in iska ta fi ƙarfinsu su ma haɗari ne ga mutanen gida. Abin da ke riƙe rufi shi ne waya mai kauri ko siririn rodi da aka binne sahu da yawa a ƙasa da kan bango, aka zagayo da shi kan katako aka murɗe. Wannan ɗauri tun ana jera tubali ake sa shi, don haka magini da kafinta sai sun yi shawara kafin bango ya kai ƙarshe.